Lallen da Ya Jira 'Yar Tsawa

Duk matan Sudan da ke zaune a unguwar Faisal sun san Hajja Mahasin mai lalle, kuma duk wadda ta san ta ta san zancen da ba ya fita daga bakinta: akwai wani zane da ta ajiye a kanta, ba ta taɓa ɗora shi a hannun kowa ba, na Widad ne. Tun suna Wad Madani, kafin yaƙi ya koro su Alƙahira, amare suke roƙonta a kan zanen nan. Matar wani babban ɗan kasuwa ta taɓa cire awarwaronta ta ajiye mata a cinya. Hajja Mahasin ta mayar mata da abinta, ta ce ta zaɓi wani, zane ai ba ya ƙarewa.

Widad ita kaɗai ce 'yarta mace, kuma ta san zanen ba tare da ta taɓa ganinsa ba. Tun tana ƙarama uwar kan kama hannunta bayan la'asar, ta bi fatar da ɗan yatsa, babu lalle babu komai. Reshe ya taso daga wuyan hannu ya rabu uku, ganye ya bi kowane yatsa, sannan wani ɗan tsuntsu ya zauna a gindin babban yatsa yana kallon baya. A al'adarsu budurwa ba ta ƙunshi irin na matan aure, don haka hannun ya zauna fes yana jiran ranarsa.

Ranar ma ta kusa. Muhannad, mai gyaran waya a wani ɗan shago bakin titin Faisal, Bahaushen Sudan ne kamar su, kakanninsu sun san juna tun a Mai Wurno. An yi magana, an sa biki bayan ƙaramar Sallah. Sai fim ya shigo.

Widad ta daɗe tana zuwa wuraren ɗaukar fim tana aikin cika wuri, irin mutanen nan da ake gani suna wucewa a baya ba su ce uffan ba. Da yake baƙa ce, doguwa, abin da ake ba ta bai wuce biyu ba: ko 'yar aiki mai riƙe da tire, ko matar maigadi. Ta riƙe tire har ta ƙware. Wata rana wani darakta, Ustaz Alaa, ya ga yadda ta diro daga bayan motar kaya ba ta dafa komai ba, don ta yi ƙwallon raga a jami'a. Ya sa aka kira ta. Yana shirya fim ne na wata jaruma daga kudancin kogin Nil, mai tashi sama, wadda tsawa ke fita daga tafin hannunta. Sunan fim ɗin Bint ar-Ra'ad, wato 'Yar Tsawa.

Kamfanin yana da ofis a unguwar Zamalek, mai ƙofar gilashi da sanyi kamar cikin firij. A nan aka gaya mata ba fim ɗaya ba ne, uku ne a jere, za a yi 'yar tsana da fuskarta, za a buga hotonta a jakar 'yan makaranta. Mutanen fim idan suna alkawari ba sa numfashi.

Aka fara aiki a wani katafaren sito can bayan gari, inda aka gina rufin gidajen Alƙahira da katako da fenti. Aka ɗaura mata igiyoyi a ƙugu, aka yi ta cilla ta sama har haƙarƙarinta ya yi tsami. Ranar da ta fara ganin kanta a ɗan allon darakta, tana shawagi bisa birnin da yaransa ke bin ta suna kiranta "shokolata", wato cakulan, saboda baƙar fatarta, sai da ta juya baya ta share ido. Duk wanda zai ga wautarta a abin da ya biyo baya, ya fara tuna wannan.

An ci rabin aiki sai aka ce hutu na mako ɗaya. Ba wanda ya yi musu bayani, amma labari ba ya ɓuya a wurin da ake shan shayi. Kuɗin ƙasar ya faɗi, komai da ake sayowa daga waje ya yi tsada, wani fim ɗin barkwanci da kamfanin ya dogara da shi ya fito ba wanda ya je kallo, attajirin nan na ƙasashen Gulf da ke zuba kuɗi kuma ya daina ɗaukar waya.

A ranar ce Madam Dalia ta ja ta gefe. Aikin Dalia shi ne abin da suke kira rakor: ita ke tabbatar da cewa idan jaruma ta shiga ɗaki da tabo a goshi, ko da sai bayan wata za a ɗauki fitowarta, tabon yana nan inda yake. Ta kama hannuwan Widad ta juya su, ta ɗauki hotonsu gaba da baya.

"Ki ji ni da kyau, habibti," in ji ta. "Duk abin da ya rage mana na hannun nan ne. Kamara za ta matso har ta ƙirga layin tafinki. Kada ki yanke, kada ki ƙone, kada rana ta dafa ki."

"Madam Dalia, bikina fa bayan Sallah ne. Akwai lalle."

"Lalle? Irin baƙin nan naku da ke kwana a farce wata da watanni? La, la, a'a. Babu hodar da za ta rufe shi. Wancan turaren hayaƙin da amarenku ke zama a kai ma, yana canza launin fata. Ki bari mu gama. Mako ɗaya ne fa."

"In na yi fa?"

Dalia ta ɗaga kafaɗa. "Akwai wata yarinya 'yar garin Aswan da furodusa ya so tun farko. Kada ki ba shi dalili."

Da Widad ta kawo zancen gida, Hajja Mahasin tana gasa gahawa a kasko. Ta ce, "To, mene ne mako ɗaya? Na jira shekarun da suka fi haka." Muhannad ma dariya ya yi, ya ce shi ne zai zama mutum na farko a Faisal da matarsa ke tashi sama, ai dole ya yi haƙuri.

Daga nan kowace Alhamis sai wayar Dalia ta shigo. Mako mai zuwa, in sha Allah. Ana jiran sa hannu. Ana jiran wani ya dawo daga Dubai. Ana jiran a wuce Sallah, sannan ana jiran a wuce zafi. Abin da ya fi ci wa Widad rai daga baya shi ne, da sun ce mata wata uku, da ta yi bikinta, lallen ya goge, farcen ya fito sabo, ba wanda ya sani. Ba su taɓa cewa wata uku ba. Kullum mako ne, kuma mako ba ya isa lalle ya bar hannu.

Ta koma kula da hannun nan kamar jinjiri. Ta daina yanka albasa, ta sa safar roba in za ta yi wanke-wanke, a cikin mikrobas, ƙaramar motar haya, ta riƙa ɓoye su ƙarƙashin mayafi kada a matse su da ƙofa. Maƙwabta suka sa mata suna Sitt Tsawa, wato Uwargida Tsawa. In wuta ta ɗauke sai su leƙo ta taga su ce ta taimaka musu da tafi ɗaya.

Ana cikin haka idon Hajja Mahasin ya fara ja da baya. Ciwon suga ne, ya daɗe a jikinta, gudun hijira da rashin magani a hanya suka ba shi wuri. Ba ta gaya wa kowa ba. Sai dai aka lura tana jan amare zuwa bakin taga, tana sunkuyawa har hancinta ya kusa taɓa fata. Wata rana layi ya kuɓuce mata a ƙafar wata amarya, ya bi ta inda bai kamata ba, uwar amaryar ta yi tsaki a gaban mutane. Eman, wadda ta koyi sana'ar a hannunta tun a Madani, ta karɓi ledar lallen a hankali ta ƙarasa. Tun daga ranar Hajja Mahasin ba ta sake karɓar aiki ba.

Likita ya duba, ya ce jijiyar idon ce take mutuwa, ana iya rage mata gudu amma ba a mayar da abin da ya tafi. Muhannad ne ya raka su. A hanyar dawowa ya bari Hajja ta yi gaba kaɗan, ya ce wa Widad a hankali, "Ni ba don kaina nake magana ba, wallahi. Ni ina nan. Amma Khalti Mahasin ba ta da mako mai zuwa da yawa."

"Kai ma kana ganin wasa nake yi?"

"Ban ce ba."

"In na bari yanzu, shi ke nan, na koma riƙe tire har in tsufa. Ka san sau nawa ake ba irina wannan damar?"

"Na sani," in ji shi. "Ita ma sau ɗaya za ta yi zanen."

Ta kwana biyu ba ta yi masa magana ba, don ya faɗi gaskiya. Sannan wata safiya ta sami uwarta zaune a bakin taga, ta ɗaga hannunta tana matso da shi tana nesanta shi, tana gwada inda ganinta ya tsaya. Widad ta ji zuciyarta ta karye. Ta ce, "Yumma, kwaɓa lallen. Khalas, ya isa. Ki yi min, biki ya biyo baya."

Hajja Mahasin ba ta tambaye ta ko ta tabbata ba, tsoro take kada ta canza. Ta tashi da ƙarfin da aka daɗe ba a gani a jikinta ba, ta tankaɗe garin, ta kwaɓa, ta bar shi ya tsima. Ƙamshin mahalabiya, man da ake zuba wa lalle, ya cika ɗakin. Da hantsi ya yi, lokacin da haske ya fi shigowa, ta zaunar da Widad a kan tabarma ta ɗora hannun a gwiwarta. "Ina ganinsa," ta ce. "Wallahi ina ganin layukan duka, ya bitti, 'yata."

Ranar Alhamis ce. Widad ta san wayar za ta zo, ta ma yi niyyar ƙin ɗauka. Amma da ta yi ƙara, hannunta na hagu ya riga tunaninta.

"Mabruk, barka, habibti!" Muryar Dalia har uwar tana ji. "Mai kuɗin nan ya sauka Alƙahira, an zauna da shi jiya. Asabar za a koma, mota za ta zo ta ɗauke ki. Ustaz Alaa ya ce da hannunki za a fara. Suna nan lafiya, ko?"

Widad ta dubi hannunta na dama a kan gwiwar uwarta. Bakin ledar lallen yana dab da fatar, bai taɓa ba tukuna.

"Suna nan lafiya," ta ce.

Ba ta fizge hannun ba, janye shi ta yi a hankali, kuma wannan ya fi muni. "Yumma, Asabar ce fa. Wannan karon sun faɗi rana. Kwana kaɗan ne a gama na hannun, sai ki yi min, har ƙafa."

Hajja Mahasin ta daɗe riƙe da ledar. Sannan ta ajiye ta, ta jawo faranti ta rufe kwanon lallen. "Ma'alish, ba komai," ta ce. "Allah ya kai mu Asabar."

Asabar Widad ta yi wanka ta zauna a bakin ƙofar gini tun da safe. Mikrobas suka yi ta wucewa, masu sayar da burodi suka wuce, mai gas ya wuce yana buga tukunyarsa. Mota ba ta zo ba. Lallen da ke cikin kwanon ya bushe ya tsattsage, Eman ce ta zubar da shi da ta zo gaisuwa.

Kafin sanyi ya shigo sosai, Hajja Mahasin ta daina sanin taga daga bango sai da ɗumin rana. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta kuma taɓa cewa Widad "da kin bari" ba. Da ta faɗa, da Widad ta sami abin da za ta yi faɗa da shi. Sai dai ta daina kama hannun bayan la'asar.

Alhamis ɗin da Dalia ta sake cewa mako mai zuwa, Widad ta katse kiran. Ta kashe wayar, ta sa mayafi, ta hau mota zuwa siton da kanta.

Ƙofar a buɗe take, ana aiki ciki, har gabanta ya faɗi don ta ɗauka an koma ba da ita ba. Amma rufin gidajen nan da ta yi shawagi a kansu an shafe su da fenti ruwan hoda, an rataya zannuwa farare a kan igiyoyin da ake ɗaure ta da su. Tallar sabulun wanki ake ɗauka. Wata mata tana ta murmushi ga wani zani, ana ce mata ta ƙara. Dalia na tsaye a gefe tana lura da yadda zanin ya faɗi.

Da ta ga Widad sai fuskarta ta sauka. Ta jawo ta bayan wani allo inda aka jibge tarkace. A nan Widad ta hango rigarta ta 'Yar Tsawa a cikin kwali, an ɗora mata robar fenti.

"Yaushe aka fasa?" ta tambaya.

Dalia ta kunna sigari. "Ba a taɓa cewa an fasa ba. Abin da ya sa ke nan. Muddin fim yana kan aiki a takarda, banki ba zai taɓa kayan ba, kuma suna da abin da za su nuna wa duk mai kuɗin da ya leƙo. Dole jaruma ta zama a shirye, dole a ce ga ta nan, ko gobe. Sai aka ce in riƙa kiranku."

"Mutumin da ya sauka fa? Asabar ɗin nan?"

"Ya sauka. Ya ci abinci, ya kalli rabin fim ɗin, ya ce yana da kyau, ya koma." Ta busa hayaƙi gefe. "Ustaz Alaa yana Riyad tun bazara, yana wani aiki. Ni ma da farko na yarda, wallahi. Daga baya na ce to mene ne a ciki, waya ce kawai, ba na cutar kowa." Ta kalli hannuwan Widad, al'adar aiki ta sa ta kama su ta juya. "Kin kula da su sosai. Yanzu kam ki yi lallenki, habibti. Har gwiwar hannu ma."

Widad ta so ta mare ta da hannun nan mai tsawa. Ta duba fuskar matar, ta ga gajiya ce kawai a ciki da hodar da ta fara narkewa, sai ta kasa. Ta fito ba ta ɗauki rigar ba.

Aka sa bikin cikin gaggawa, ba wanda ya tambayi dalili. Ranar lalle mata suka cika ɗan falon bayan azahar, an kunna turare, ana kiɗa da tafi, yara na kutsawa tsakanin ƙafafu. Eman ta kwaɓa lallen ta cika ledar. Ta durƙusa gaban Hajja Mahasin ta ce, "Khalti, ki faɗa min zanen, ni in zama hannunki. Duk inda kika ce in bi zan bi."

Hajja Mahasin ta buɗe baki za ta amince. Widad ta riga ta.

"A'a. Yumma ce za ta yi."

"Ya bitti, ba na gani."

"Da kike yi min shi tun ina yarinya, kallo kike? Hira kike da maƙwabta, hannunki na tafiya."

Ta karɓi ledar daga Eman ta sa a hannun uwarta, ta ɗora nata hannun a gwiwar. Hajja Mahasin ta lalubi wuyan hannun, ta yi bismilla, ta fara.

Yatsunta sun tuna hanya, wannan kam gaskiya ne. Amma zane da ɗan yatsa daban, zane da lalle daban. Ba ta ganin inda ta tsaya in ta ɗaga ledar, sai ta dawo ta sauka a gefe. Reshen ya rabu, rassan suka hau juna. Gefen hannunta ya shafi abin da ta riga ta zana ya dame shi. Inda tsuntsun zai zauna lallen ya zubo da yawa, ya taru ya zama dunƙule baƙi. Widad tana kallo, ba ta motsa ba. Kiɗan ya yi ƙasa da kansa, masu tafi suka rage ɗaya bayan ɗaya.

Da ta gama hannu biyun ta ajiye ledar, falon ya yi tsit. Hajja Mahasin ta yi shekaru tana jin guɗar da ke tashi in ta ɗaga hannu daga kan amarya, ta san lokacin da take zuwa. Wannan ta makara. Eman ce ta daure ta rangaɗa, sauran suka bi ta a warwatse.

"Widad," in ji uwar. "Faɗa min abin da kike gani."

Widad ta ɗaga hannuwan ta dube su. Ta saki murya irin wadda aka koya mata a gaban kamara.

"Reshen ya taso daga nan, Yumma, siriri kamar zare. Ya rabu uku daidai. Ga ganyen sun bi yatsu, kowanne da ɗan lanƙwasarsa, na ƙaramin yatsa ya fi kyau. Tsuntsun kuma yana zaune a gindin babban yatsa, ya waiwaya baya, har bakinsa ya fito." Ta yi 'yar dariya. "Matar nan mai awarwaro da ta gani, da ta suma."

Muryarta ba ta yi rawa ko sau ɗaya ba. Wasu matan suka sunkuyar da kai, Eman ta toshe baki da gefen mayafi.

Hajja Mahasin ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai. Sannan ta miƙa hannu ta lalubo fuskar 'yarta, ta shafa kumatun, ta ji su a jiƙe. Ta goge mata da babban yatsa.

"Ashe da gaske kin iya wasan, ya bitti," ta ce. "Kaico, da sun bari an gama fim ɗin."

Ta juya inda take jin numfashin Eman, ta ce a kawo garwashi kusa, kada lallen ya ƙi kamawa.